Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga ofishin 'yan sanda a Karaye ko Rogo ya ga waɗansu bayin Allah marasa kaki: mai shara, ɗan aike, makaniken da ke kwana ƙarƙashin motar sintiri. In mota ta danne makaniken nan, wa zai biya shi diyya?

Doka ba ta manta da shi ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF. Amma wanda aka ɗauka da fatar baki, ba takarda, ba sunansa a littafin albashi, da me zai kafa hujja? Sai a yi masa sannu, a sallame shi da kuɗin allura. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

In mun koma gida hutu, mu rubuta sunayensu, mu matsa a ba su takardar ɗaukar aiki. Mu kuma sanar da su cewa shekara 1 doka ta ba mai rauni ya nemi haƙƙinsa.