Mu yi zaman karatu irin na ƴan jami'a

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kai da ka kai wannan shafi da idonka, ba wanda ya karanta maka, barka da ƙoƙari. Ina son in ba ka labarin wata al'ada ta ɗaliban jami'a. Kada ka ce ina ruwan mutumin Bazaga da jami'a. Dakata ka ji tukuna.

A jami'a akwai wurin da ake kira sashen adabi. Adabi shi ne labarai, da waƙoƙi, da tatsuniyoyi, da wasan kwaikwayo, na baka da na rubuce. Malami yakan shiga aji ya yi bayani, ɗalibai su rubuta, ya fita. Aji cike yake, lokaci kaɗan ne, mai tambaya ba kullum yake samun dama ba. Shi ya sa ɗalibai sukan haɗu su kaɗai, su biyar ko goma, gindin itace ko cikin ɗakin ɗayansu. Su zaɓi littafi guda, kowa ya karanta. Ranar da sunka sa, su zauna su yi ta gardama a kai. Ba malami, ba jarrabawa, ba maki. Su ke shugabantar kansu.

Abin ya daɗe, kuma ya haifi abubuwa. A Jami'ar Ibadan ta Najeriya, cikin 1958, wani ɗalibi mai suna J. P. Clark ya fara fitar da wata ƴar mujalla ta waƙoƙin ɗalibai. Sunanta The Horn, wato ƙaho. Wani malaminsu ya ba su goyon baya, amma ɗalibai ke riƙe da ita. Takardu kaɗan ne, da keken rubutu ake buga su. Duk da haka waƙoƙin Wole Soyinka sun fito cikinta, shi da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986. A Jami'ar Bayero ta Kano kuma, ɗalibai sun yi Ƙungiyar Hausa, sun riƙa shirya Makon Hausa, suna gayyato mawaƙa da marubuta su zo a saurare su, a yi musu tambayoyi.

To, ra'ayina shi ne mu mun fi su bukatar wannan zama. Ɗalibin jami'a ko bai yi ba, ba ya manta baƙi. Mu fa? Ajinmu da rani ake yin sa. Ruwa na sauka, kowa ya ɗauki hauya ya nufi gonar gero. Bayan girbi wasu su tafi bida, Sakkwato ko Legas ko Abijan. Wata shida, wata bakwai, ba a buɗe takarda ba. In an dawo aji, sai ka ga mutumin da ya iya rubuta wasiƙa bara yana laluben ɓ da ɗ. Daga nan kunya ta kama shi, ya daina zuwa. Sai ya koma miƙa wa ɗan maƙwabci waya don ya karanta masa saƙon kuɗi. Ya koma dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Wahalar rani guda ta tafi a banza.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, wanga ai hira ce, hira kuwa muna yin ta kullum a dandali." Gaskiya ne, hira ce. Amma hirar dandali in ka ce kaza, ni na ce ba haka ba ne, mai ƙarfin murya ke cin nasara. A zaman karatu akwai shaida a tsakiya. In gardama ta tashi, sai a ce buɗe shafin, karanta mu ji. Dole ka koma ka bi layin da yatsa. Ka ga ka yi karatu sau biyu ba ka sani ba.

Wasu za su ce, "Mu da ba mu yi lakwal ba, mi za mu faɗa bisa littafi?" Nan ne nake son mu tsaya. Abdullahi Mamani, marubucin Nijar, ya fitar da littafinsa Sarauniya cikin 1980, da Faransanci. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, wadda ta tsaya wa rundunar Bule da Shanwan a 1899. An yi fim ɗinsa a 1986. Ɗalibai na karanta shi, suna rubutu a kansa. To, rundunar nan ita ce ta ƙone Birnin Konni, ta kashe mutane masu yawa, a watan Mayu na wannan shekara ta 1899. Kusa da mu anka yi abin. A ƙasar Konni akwai gidajen da labarin ya gangaro daga bakin kaka zuwa jika. Ɗalibi ya ga abin a takarda. Tsohonmu ya ji shi daga waɗanda sunka gaje shi. Ashe ba hannu biyu za ka zo zaman ba. Sannan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da karin magana, da waƙar daka, duk waɗanda malaman jami'a ke yawo ƙauye ƙauye suna ɗauka, a bakinka suke tun kana yaro.

Ke kuma ƴar'uwa, ga naki. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an fitar da ita daga makaranta tana ƙarama, anka yi mata aure. A ajin manya irin namu ta ƙarasa koyon karatu da rubutu. Daga baya ta shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, inda marubutan Hausa ke taimakon juna. Ta rubuta Budurwar Zuciya, da Wa Zai Auri Jahila?, da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda anka fassara da Ingilishi a 2012. Na san aikin gida bai barin mace ta huta. Amma kuna zaman adashi, kuna zaman sussuka. Rabin awa cikin wannan zama ya isa a karanta shafi guda.

Littattafai fa? Ba su da yawa, ban musu ba. Amma guda ya ishi mutum goma, tun da ɗaya ke karantawa da ƙarfi, saura na saurare. Mai zuwa Konni ko Sakkwato, a haɗa masa dala dala ya nemo Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. In babu, takardar magani ma abin karantawa ce, haka rubutun buhun taki. Iyayenmu sun yi irin wannan. A shekarun 1960 an yi ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar, mutane su ji shiri tare, su tattauna. Jaridun yaƙi da jahilci, irin Ganga da Sabon Ra'ayi ta Madawa, hannu hannu sunka riƙa yawo.

Abu guda nake roƙo: kada ku sa ni shugaba, kuma kada ku sa wani malami. In malami na zaune, kowa fuskarsa yake kallo, ya ji ko ya faɗi daidai. Mai tuntuɓe sai ya yi shiru. Ku riƙa karɓa karɓa. Wannan mako wane ya jagoranta, mako mai zuwa wance. Mai jagora aikinsa uku ne kawai: ya ba kowa layinsa, ya hana a yi wa mai tuntuɓe dariya, ya hana mutum guda cinye zaman. In an gama shafi, a rufe littafi, wani ya maimaita labarin da bakinsa. Sannan a tambaya: wa ke da gaskiya cikin labarin nan? Da kai ne, ƙaƙa za ka yi? In dattijo na wurin, a ba shi girmansa, shi ya fara magana, amma yaro ma a bar shi ya karanta nasa layi. Kalmar da ta gagari kowa, a rubuta ta cikin kaye, a kawo mini. Wannan kam aikina ne.

Kafin a rufe aji bana, ku tsaya ku sa rana da wuri, tun kowa bai watse ba. Da damina ku zaɓi ranar da ba ku zuwa gona, bayan la'asar, tun da sauran haske. Ku zaɓi mutum guda da zai ajiye littafin da kayen, cikin akwatin ƙarfe ko cikin leda a rataye, saboda gara da yoyon ɗaki.