Mai Ƙirga Lokaci Shi Ke Cin Yaƙi: Tsakanin Dabara da Zamba a Wasannin Bidiyo

Akwai nau'in wasan bidiyo da ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya yi ta yaƙi yana tara ƙarfi mataki-mataki. Wanda ya leƙa daga nesa zai ɗauka cewa mai babban takobi ne ke nasara. Amma waɗanda suka daɗe a harkar sun san cewa sau da yawa nasara na hannun wanda ya iya ƙirga. Dalili kuwa shi ne, ban da sara da suka, akwai larurori na wucin-gadi da ake ɗora wa abokin karawa: barci, guba, ƙuna, shanyewar jiki ko daskarewa. Kusan kowace larura tana da ƙidayarta a cikin kwamfuta, ko dai ta daƙiƙu ko ta zagayen wasa. Wanda ya san yadda ƙidayar nan take farawa, da abin da ke tsayar da ita, da abin da ke mayar da ita farko, ya riƙe makamin da ido ba ya gani. Tambayar da nake son mu tattauna a wannan makon ita ce: a ina gwaninta ta tsaya, a ina kuma zamba ta fara?

Bari mu ɗauki Pokémon, wasan da kamfanin Game Freak na Japan ya fitar a 1996 a kan na'urar Game Boy ta Nintendo. A cikinsa akwai wani hari mai suna Toxic. Gubarsa tana cin kashi 1 cikin 16 na lafiyar wanda ta kama a zagayen farko, kashi 2 a na biyu, kashi 3 a na uku, haka take ta hawa. Mai karatu ya haɗa lissafin da kansa: bayan zagaye biyar kashi 15 cikin 16 sun tafi, a na shida kuwa zance ya ƙare. Saboda haka mai dabara ba ya buƙatar ya sake kai hari. Abin da yake nema kawai shi ne ya cinye lokaci, ya kare kansa da Protect, ya warkar da rauninsa, ya bar agogo ya yi masa aiki. Shi kuma wanda aka sa wa gubar yana da mafita, domin da zarar ya janye dabbarsa daga fage ƙidayar takan koma farko. Sai dai janyewar ita ma asarar zagaye guda ce. Kowane ɓangare yana da zaɓi, kowane zaɓi yana da farashi. Wannan, a ganina, gwaninta ce tsantsa.

Haka nan ƙa'idar da ta ce babbar larura ɗaya tak ce ke iya kama dabba a lokaci guda. Masu wayo suka juya ta ta zama garkuwa. Harin Rest yakan sa dabba ta yi barcin zagaye biyu da gangan, ta warke sarai, tsohuwar gubar kuma ta wanke. Wasu ma sukan ƙona dabbarsu da kansu idan tana da baiwar Guts, wadda ke ƙara ƙarfin hari da rabi yayin da larura ta kama ta, kuma muddin ƙunar na nan babu mai iya sa ta barci. Masu ƙera wasan sun san da wannan, su ne ma suka tanadi kayan yin sa.

Matsalar takan fara ne inda bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. A wasannin farko barci yakan kai zagaye 1 zuwa 7, kuma farkawar kanta tana cinye zagaye. Ma'ana, mai dabbar da ta fi sauri yana iya sake sa abokin karawarsa barci tun kafin ya motsa, ya yi ta maimaitawa. Daskarewa kuwa ba ta da wa'adi ko kaɗan, wanda ya daskare kusan ya fita daga wasa. Akwai kuma kuskuren da ya sa harin Leech Seed yake amfani da ƙidayar Toxic, har ɓarnar biyun ta riƙa hawa tare. A Black da White na 2010 an sake wata tsaga: duk dabbar da ta bar fage tana barci, ƙidayar barcinta takan koma farko, sai aka samu masu korar ta da ƙarfi don kada ta taɓa farkawa. An toshe wannan a X da Y na 2013. A irin waɗannan wurare mutum ɗaya ne ke wasa, ɗayan ya koma ɗan kallo.

Abin sha'awa shi ne 'yan wasan ba su jira kamfani ba. Al'ummar masu gasa ta Smogon ta daɗe tana aiki da dokar da ta hana mutum sa dabbobin abokin karawarsa fiye da ɗaya barci a lokaci guda, ta kuma haramta shirya yaƙin da ba zai taɓa ƙarewa ba. Kamfanin ma ya bi sawu a Sun da Moon na 2016, inda ya rage dacewar harin barci na Dark Void daga kashi 80 cikin 100 zuwa 50. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna irin wannan. Ɓata lokaci ta hanyar mayar wa mai tsaron gida ƙwallo ya kama da hannu bai saɓa wa doka ba, amma da ya kashe armashin wasa sai aka hana shi a 1992.

Darasi mafi girma ya zo ne daga World of Warcraft na kamfanin Blizzard. A watan Satumba na 2005 aka buɗe wani fagen yaƙi mai suna Zul'Gurub, inda dodon ƙarshe, Hakkar, ke sa wa mayaƙa wata cuta mai yaɗuwa da ake kira Corrupted Blood. An tsara ta ta yi 'yan daƙiƙu kawai, ta kuma tsaya a cikin fagen. Sai dai an manta da dabbobin da wasu mayaƙa ke tafiya da su. Idan aka sallami dabba tana ɗauke da cutar, agogon cutar yakan tsaya cak, idan aka sake kiranta a tsakiyar birni sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Nan take manyan birane irin su Ironforge da Orgrimmar suka cika da gawarwakin ƙananan mayaƙa. Wasu suka gudu daji, wasu suka tsaya suna jinyar jama'a, wasu kuma suka riƙa yaɗa cutar da gangan don nishaɗi. Har masana annoba suka mai da hankali kan lamarin, Eric Lofgren da Nina Fefferman suka yi rubutu a kansa a mujallar The Lancet Infectious Diseases a 2007, domin ya nuna yadda mutane ke yi idan annoba ta ɓarke. Ƙidaya ɗaya da ta tsaya inda bai kamata ba, ita ce ta tona halin dubban mutane.

To, ga ma'aunin da nake ba da shawara. Kada a tsaya kan ko kwamfuta ta yarda da abu, domin kwamfuta tana yarda da kuskuren wanda ya rubuta ta. A tambaya: shin abokin karawata yana da sauran abin da zai iya yi? Idan yana da amsa, ko da mai tsada ce, to na fi shi ƙirga ne, kuma ya kamata ya yaba. Idan kuwa na ɗaure shi har ba shi da motsi, ko na jawo wa wanda ma bai shiga yaƙin ba asara, to ban ci wasa ba, na rushe shi ne. Hausawa na cewa yaƙi ɗan zamba ne, amma wasa ba yaƙi ba ne, yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ke son su sake haɗuwa gobe.

Shi ya sa nake roƙon iyaye da malamai, idan sun ga yaro ya duƙufa a kan irin wannan wasa, kafin su ƙwace wayar su tambaye shi yadda ya yi nasara. Idan ya zayyana lissafin kashi-kashi cikin 16, sun samu ɗalibin lissafi. Idan kuma ya yi alfahari da cewa ya gano tsagar da ta hana ɗan'uwansa motsi, to lokacin wata hira ya yi, domin mutumin da ya saba cewa "ai doka ba ta hana ba" tun yana ƙarami, da wuya ya bar wannan jumla a cikin waya idan ya girma ya riƙe amanar jama'a.