Wane Zane Ne Na Ƙarshe?

Lokacin da na yi SIWES, an tura ni wurin wani ɗan kwangila da ke kafa tankin ruwa mai aiki da sola a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Ɗanzomo. Ba zan kama sunansa ba, don mutumin kirki ne, kuma abin da ya same shi yana iya samun kowa. Injiniya ya yi zanen ƙafafun tankin, aka buga aka ba birkila. Bayan kwana uku aka ce tankin da za a kawo ya fi na farko girma, sai injiniya ya buɗa tsakanin ƙafafun, ya tura sabon zane ta WhatsApp ga mai walda a Gumel. Birkila kuwa babu wanda ya tuna da shi. Ya zuba kankare, ya dasa ƙusoshi daidai da takardar da ke aljihunsa. Ranar da mota ta sauke ƙarfen, ƙafa ɗaya ce kawai ta hau kan ƙusoshinta.

Aka tsaya ana kallon-kallo. Birkila ya fito da zanensa, mai walda ya buɗe wayarsa, kuma wallahi kowannensu yana da gaskiya. Zanen biyu suna ɗaya, sa hannu ɗaya, babu kwanan wata, babu alamar da ke nuna wanne ya gaji wanne. Sai da aka farfasa kankaren aka sake zubawa, siminti da rodi suka tafi a banza, matan ƙauyen suka ƙara mako biyu suna jan guga. Wanda ya san zurfin rijiyoyin yankinmu ya san me mako biyu ke nufi.

Tun ranar nake ganin akwai giɓi a yadda muke shirya kanmu. Muna kwana kan lissafin nauyi da ƙarfin ƙarfe, muna rububin koyon AutoCAD, amma tambayi ɗan ND 2 yadda ake gane kwafin da ke aiki daga wanda aka soke, sai ya hau sosa ƙeya. Ku buɗe fulash ɗin kowane rukunin furojet ku gani: na ƙarshe, na ƙarshe 2, na ƙarshen gaske, wanda malam ya gyara. Ranar kare furojet sai ka ga babi na uku yana maganar bututu inci biyu, zanen da ke bayan littafin kuma yana nuna inci ɗaya da rabi.

Wani zai ce ai wannan aikin akawu ne, ba na injiniya ba. To ya karanta labarin otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka. A ranar 17 ga Yulin 1981, gadojin tafiya biyu da aka rataye a cikin zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A zanen asali, dogon sandan ƙarfe guda ne zai ratsa gadar sama ya sauka ya riƙe ta ƙasa. Wajen ƙira sai aka mayar da shi sanduna biyu, ta yadda gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗin ya ninka. Canjin ya wuce da hatimin injiniyoyi ba tare da an sake lissafi ba, kuma daga baya aka ƙwace musu lasisi. Ba jahilai ba ne. Canji ne ya shiga zane ta bayan gida, kowa yana zaton wani ya duba.

Tsarin da nake kira a kai ba wani abin tsoro ba ne. Kowane zane a ba shi lambar da ba ta da ta biyu, mai nuna aikin, da sashen, da jerinsa. A kusurwar dama ta ƙasa, inda ake rubuta suna, a sa harafin gyara, A, B, C, da kwanan wata, da taƙaitaccen bayanin abin da aka canza, a kuma zagaye wurin da aka taɓa a jikin zanen domin ido ya faɗa kansa. Sannan sunaye uku: wanda ya zana, wanda ya duba, wanda ya amince. Nan ne muka fi yin ha'inci. Sai mutum ɗaya ya cike gurbi ukun, ko ya miƙa wa abokinsa biro ya ce, “Ɗan sa mini hannu nan.” Mai dubawa da bai duba ba ya fi rashin mai dubawa haɗari, domin sa hannunsa na sa kowa ya saki jiki.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne rijista. Littafi guda, ko shafin Excel guda, da ke faɗin lambar kowace takarda, gyaran da take kai yanzu, da sunan duk wanda aka ba kwafi. Da ɗan kwangilarmu yana da wannan, da ya buɗe ya ga birkila na riƙe da A, ya aika masa B, ya karɓe tsohon ya ja masa jan layi ya rubuta an soke. Ƙa'idar ISO 9001 da kamfanoni ke tinƙaho da ita, sashenta na 7.5 kusan abin da yake nema ke nan: a san takarda, a duba ta kafin ta fita, ta isa hannun mai buƙatarta, kuma kada tsohuwa ta ci gaba da yawo.

Na san za a ce babu wuta, babu data, kwamfutocin ɗakin zane rabi sun kwanta. Gaskiya ne. Amma littafin rijista da jan biro ba sa jiran KEDCO. Kuma ban ce a mayar da furojet ɗin mutum biyar ya zama ma'aikatar gwamnati mai fom goma ba; tsarin da ya yi nauyi watsar da shi ake yi tun mako na biyu.

Akwai kuma zanen abin da aka gina a zahiri, wanda ake yi bayan an gama aiki. Mu nan kusan ba ma yin sa. Ka je garuruwan Maigatari ko Sule Tankarkar ka tarar da rijiyar burtsatse ta tsaya, ka tambayi zurfinta, ko inda aka sa matata, ko ƙarfin famfon da ke ciki, sai a ce sai dai a nemo wanda ya haƙa. Mai gyara sai ya zaro komai ya auna daga farko. Gini ya fi mai zana shi daɗewa. Layin dogon da ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru tun 1930, kuma har yau yana nan kwance, waɗanda suka zana shi kuwa sun daɗe a ƙasa.

Ga masu tunanin abinci bayan karatu, wannan ma sana'a ce. Aiki irin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 kuma ya biyo ta Kazaure, zanensa ba ya ƙirguwa da hannu, kuma a manyan ayyuka irin haka akan ɗauki mutum takanas don kula da takardu kawai.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da na sassan injiniya shi ne su zauna da malaman da ke duba furojet a fitar da shafi ɗaya tak: yadda za a sa lamba, yadda za a rubuta gyara, da samfurin rijista. A manna shi a ɗakin zane kafin a raba batutuwan furojet na bana. Kowane rukuni ya naɗa mutum ɗaya da shi kaɗai ke fitar da kwafi, kuma a ware maki, ko biyar ne, ga wanda ya zo da rijistarsa ranar karewa. Sannan zanen furojet ɗin da aka kammala a ajiye kwafinsa a sashe, da lambarsa, domin 'yan baya da za su gyara injin sussukar da muka bari a bayan wokshop su san kaurin shaft ɗin da muka sa ba sai sun kwance shi ba.