Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Yi Wa Ɗalibai Jagora Zuwa Makarantun Likitanci Na Amurka

Zuwa ga malamai da masu ba ɗalibai shawara,

Wannan wasiƙa ta shafi sashe guda ne na fom ɗin neman gurbin karatun likitanci a Amurka, wato inda ɗalibi ke jera kwasa-kwasan da ya yi, ya sa kowanne a mazauninsa. Shi ne sashen da aka fi rainawa. Ɗalibi kan kwashe watanni yana gyara muƙalar da zai gabatar da kansa, ya yi ta sintiri wurin malamai don wasiƙun shaida, ya sha fama da jarrabawar MCAT, sannan ya bar jerin kwasa-kwasai sai daren ƙarshe, a ganinsa aikin kwafi ne kawai. Alhali daga wannan jeri ake fitar da alƙaluman da kwamitin ɗaukar ɗalibai ke fara dubawa.

A Najeriya yaro kan shiga likitanci kai tsaye daga sakandare ta hanyar JAMB, ya yi shekara shida ya fito da MBBS. A Amurka sai an gama digirin farko tukuna, sannan a nemi gurbin shekara huɗu. Galibin makarantun da ke ba da digirin likitanci na MD suna karɓar takardu ne ta AMCAS, tsarin da ke ƙarƙashin ƙungiyar kwalejojin likitanci ta AAMC, wadda aka kafa tun 1876. A 2023 sama da mutum 52,000 suka nema, kusan 23,000 suka shiga, kuma matsakaicin GPA (ma'aunin makin karatu) na waɗanda aka ɗauka ya kai wajen 3.77 cikin 4.0. A irin wannan gogayya, kwas biyu ko uku da suka faɗa gurbin da ba nasu ba suna iya sauya yadda za a kalli ɗalibi.

Abu na farko da ya kamata mai ba da shawara ya cusa wa ɗalibi shi ne, AMCAS ba ta aiki da GPA ɗin da jami'arsa ta buga masa. Sake lissafi take yi da ma'auninta: A da A+ duk maki 4.0 ne, A- 3.7, B+ kuma 3.3. A kan kowane kwas tambaya biyu take so a amsa: me aka koyar a cikinsa, kuma a wane matakin karatu aka yi shi?

Tambayar farko ita ke raba makin gida biyu. Akwai BCPM, wanda ya tattara bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi, shi ne ɗalibai ke kira makin kimiyya. Duk sauran kwasa-kwasan suna tafiya rukunin AO. Ƙa'idar ita ce a duba ainihin abin da kwas ya ƙunsa, ba sunan sashen da ya koyar da shi ba. Jadawalin AMCAS ya sa ilimin sinadaran jikin halittu a ƙarƙashin kemistiri, ƙididdiga a ƙarƙashin lissafi, ilimin taurari a fiziks, ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuma a bayoloji. Amma aikin jinya, ilimin abinci mai gina jiki, lafiyar al'umma da haɗa magunguna duk suna rukunin kimiyyar lafiya, wanda ba ya shiga BCPM. Haka injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, aikin gona da ilimin halayyar ɗan Adam. Nas ɗin da ta gama digirinta da maki mai kyau kan girgiza idan ta ga makin kimiyyarta ya rataya ne a kan kwasa-kwasai ƙalilan na shekarun farko.

A wurin kwasa-kwasan da ke kan iyaka ake gane gwani. Sashen halayyar ɗan Adam na iya koyar da kwas ɗin da kusan gaba ɗayansa bayani ne kan ƙwayoyin jijiya da sinadaran ƙwaƙwalwa. Wannan bayoloji ne, kuma ɗalibi na da hujjar sa shi a can. Sashen injiniyanci na iya koyar da zallar lissafi. Abin da ke yanke hukunci shi ne manhajar kwas ɗin da bayaninsa a kundin jami'a, don haka mai ba da shawara ya sa ɗalibansa su riƙa adana manhajar kowane kwas tun daga zangon farko. Malamai kan bar aiki, shafukan intanet kan rufe, bayan shekara biyar ba lallai a samu takardar ba.

Nan ne kuma son zuciya ke shigowa. Ɗalibi zai so ya tura duk inda ya ci A zuwa BCPM, ya kori inda ya ci C zuwa AO. Jagora nagari ba ya biye masa. Ma'auni ɗaya za a bi, ko makin ya yi daɗi ko bai yi ba, domin ma'aikatan AMCAS na gwada jerin da takardar sakamako ta asali layi bayan layi, kuma suna da ikon sauya duk rabon da bai gamsar da su ba.

Tambaya ta biyu ta fi cin kuɗin mutane. AMCAS na raba shekarun digirin farko bisa yawan kiredit: FR (ajin farko) daga 0 zuwa 35, SO (aji biyu) daga 36 zuwa 65, JR (aji uku) daga 66 zuwa 95, SR (ajin ƙarshe) kuma daga 96 zuwa sama. Kwas ɗin jami'a da yaro ya ɗauka tun yana sakandare yana da alamar HS, kuma makinsa na bin sa, ko da ya manta ya taɓa yin sa. Sai PB, wato kwasa-kwasan matakin digirin farko da aka yi bayan an riga an karɓi digirin. Sai GR, na gaba da digiri. HS zuwa PB duk suna haɗuwa su ba da jimillar GPA na digirin farko. GR kuwa layinsa daban, ba ya cuɗanya da su.

Ga yadda abin yake a lissafi. A ɗauki ɗalibar da ta gama da kiredit 120 a kan GPA 3.0. Idan ta ƙara kiredit 30 na PB ta ci A a duka, jimillarta ta koma 3.2. Idan kuwa kiredit 30 ɗin na digiri na biyu ne, za ta samu sabon layi mai 4.0, amma 3.0 ɗin nan yana nan daram, kuma shi ne makarantu da dama ke fara tace masu nema da shi. Duk wanda ya tura ta yin mastas "don ta gyara GPA" ba tare da ya zana mata wannan lissafi a takarda ba, ya cuce ta.

Ba wai digiri na biyu ba shi da amfani ba ne. Shirin mastas na musamman da Jami'ar Georgetown ta fara a 1975 yana zaunar da ɗalibai a darussa irin na 'yan shekarar farko na likitanci, kuma wanda ya yi fice a ciki ya nuna zai iya ɗaukar nauyin karatun. Shirye-shirye irin na Jami'ar Columbia, wanda ya faro tun 1955, da na kwalejojin Bryn Mawr da Goucher kuwa an gina su ne don masu sauya layi, kamar wanda ya karanta tarihi kuma bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Makinsu PB ne. Kowanne da ciwon da yake warkarwa, kuma aikin mai ba da shawara ne ya gano ciwon kafin a biya kuɗin makaranta.

Akwai wurare biyu da suke rikita har tsofaffin hannu. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya ɗauki kwas na 'yan mastas, aka kuma ƙirga masa shi a digirinsa na farko, SR zai rubuta, ba GR ba. Ɗalibin mastas da ya sauko ya ɗauki kemistirin 'yan digirin farko, wanda ba ya cikin sharuɗɗan mastas ɗinsa, PB zai rubuta. Abin dubawa shi ne digirin da aka ƙirga kwas ɗin a cikinsa.

Maimaita kwas ma haka. Jami'o'i da yawa kan yafe faɗuwar farko su bar sabon maki, amma AMCAS duka biyun take ƙirgawa. Wanda ya ci F a kwas mai kiredit 4, ya maimaita ya ci A, matsakaicinsa 2.0 ne a kan kiredit 8. AACOMAS, wadda ke karɓar takardun makarantun da ke ba da ɗaya digirin likitancin, wato DO, ta daɗe tana maye tsohon maki da sabo, amma ta daina a 2017. Ita kuma ba ta sa lissafi a makin kimiyya. Jihar Texas na da nata tsarin, TMDSAS. Ɗalibi ɗaya da takardar sakamako ɗaya na iya fitowa da alƙaluma daban-daban a wurare ukun, don haka kowane tsari a karanta littafin ƙa'idarsa na wannan shekarar.

Ga wanda ya yi digirinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, sannan ya koma Amurka da zama, maganar ta fi nauyi. AMCAS ba ta tantance takardun sakamakon jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, kuma makinsu ba ya shiga GPA ɗinta, ko da mutum ya fita da daraja ta ɗaya. Makarantu da yawa na neman a yi kwasa-kwasan share fage a Amurka ko Kanada, kuma kaɗan ne ke karɓar wanda ba shi da takardar zama ta dindindin. Gara ya ji wannan tun ranar farko, ya tsara shekarunsa da aljihunsa a kai.

Saura maganar lokaci. Fom ɗin AMCAS na buɗewa a farkon Mayu, ana fara miƙawa a ƙarshen watan, makarantu kuma su fara karɓa a ƙarshen Yuni. Idan layi ya yi tsawo tantancewa kan ɗauki makonni, kuma jerin da ya cika kurakurai ana iya dawo da shi a gyara, alhali makarantu da dama na gayyatar ganawa ne bisa wanda ya riga isowa. In AMCAS ta sauya rabon wani kwas, kwana 10 kacal ɗalibi ke da shi ya nemi a sake dubawa, kuma manhajar da ya adana ce hujjarsa.

Saboda haka roƙon wannan wasiƙa shi ne a fara aikin tun ɗalibi na shekara ta biyu. Mai ba da shawara ya zauna da shi da takardun sakamako na kowace makarantar da ya taɓa yin rajista, su buɗe jadawali mai gurbin sunan kwas, kiredit, maki, rukuni da mataki, su fitar da BCPM da AO da hannunsu, su kuma sabunta shi ƙarshen kowane zango. Kafin a yi maganar PB ko mastas, a fara buɗe wannan jadawali a gaban ɗalibin da duk wanda zai biya masa kuɗin karatu.

Allah Ya taimaka, Ya sa albarka a aikin.