Kwaɗon da Ido Ba Ya Gani

Yau da ɗan lissafi za mu fara.

A ce akwai naira 10,000 a asusun Baba. Yana gaban na'urar ATM zai ciri 8,000, a daidai lokacin kuma Yaya tana tura 7,000 daga asusun ta waya, kuɗin makarantarmu. Idan manhajar banki ta nuna wa kowannensu akwai 10,000, to 15,000 za su fita daga inda 10,000 kaɗai ke ajiye. Me ke hana haka? Kwaɗo, amma ba na ƙarfe ba.

Bayanan asusu suna zaune ne layi-layi a rumbun bayanai na kwamfuta. Da aikin Baba ya fara, manhaja za ta garƙame layin asusunsa, aikin Yaya ya jira. Idan an buɗe, sai ta tarar saura 2,000, a ce mata kuɗin bai isa ba.

Kwaɗon iri biyu ne. Na karatu yana barin mutane da yawa su duba layi ɗaya tare. Na rubutu kuwa mutum ɗaya tak yake bari, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya.

To, yaya manhaja ke sanin wanda ya kulle me? Rajista take riƙewa, kamar ta laburaren makarantarmu: wane layi aka kulle, wa ya kulle, wane irin kwaɗo, su wa ke jira. Manhajar kasuwanci ta kamfanin SAP na Jamus tana da shafi mai suna SM12, inda masu kula da ita ke ganin kwaɗunan da ke rataye. Idan ma'aikaci ya buɗe bayanin kaya don gyara ya tafi cin abinci, a nan za a ga shi ya tsayar da abokan aikinsa.

Wani lokaci kuma cirko-cirko ake yi. Aiki na farko ya kulle asusun Baba yana jiran na makaranta, na biyu ya kulle na makaranta yana jiran na Baba. Rumbun PostgreSQL yakan jira daƙiƙa 1, sannan ya bincika. In ya ga an sarƙe, sai ya soke aiki ɗaya ya mayar da shi yadda yake da farko, ɗayan ya wuce.

Masana a kamfanin IBM na Amurka sun wallafa muhimman ƙa'idojin wannan kulle a 1976. Ɗaya daga cikinsu, Jim Gray, ya samu lambar yabo ta Turing ta 1998.

Ga aikin gida: kujera ɗaya ta rage a jirgi, mutum biyu sun danna saye lokaci guda. Wane kwaɗo za mu sa, kuma yaushe za mu cire shi? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.