Yamai: Ina makomar aikin bishara tsakanin ɗaliban jami'a bayan sace ma'aikacin mishan?

A daren Talata 21 ga Oktoban 2025, wasu 'yan bindiga suka sace wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke a unguwar Plateau da ke tsakiyar birnin Yamai, ba nisa da fadar shugaban ƙasa. Mutumin yana aiki ne da SIM, ƙungiyar mishan da ta shafe shekara ɗari a Jamhuriyar Nijar. Bayan haka ofishin jakadancin Amurka ya gargaɗi 'yan ƙasarsa cewa barazanar garkuwa da mutane ta ƙaru a duk faɗin ƙasar, har da babban birnin.

An fi kallon lamarin ta fuskar tsaro, kuma da gaskiya, domin a baya an fi yin irin wannan satar a karkara ko a arewa. A Abalak aka ɗauke wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a 2016, a ƙauyen Bomoanga aka sace limamin Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a 2018, sannan a Agadas aka sace wasu mata biyu Turawa a farkon 2025. Wannan karon abin ya shigo cikin gari. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wanda yake a tsallaken kogin Kwara, a Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. A can ne ɗalibai Kiristoci, waɗanda ba su da yawa, suka daɗe suna gudanar da harkokin addininsu bisa dogaro da abubuwa biyu: tallafin 'yan mishan na waje, da kariyar kundin tsarin mulki. Duka biyun yanzu sun yi rauni.

Su wane ne ke wannan aiki?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na al'ummar Nijar, Kiristoci kuwa ba su kai kashi ɗaya ba. A jami'a ana ɗan ƙara ganinsu fiye da yadda wannan adadi ke nunawa. Akwai 'ya'yan tsofaffin gidajen Kiristoci na yankin Maraɗi da Dogon Dutsi, akwai Gurmawa daga wajen Makalondi da Torodi, sannan akwai baƙi daga Benin da Togo da Chadi da Kamaru da ke zuwa karatu a Yamai, musamman a makarantun haɗin gwiwar ƙasashe irin su cibiyar AGRHYMET da makarantar sufurin jiragen sama ta EAMAC.

A ɓangaren Furotesta, ƙungiyar GBEEN ce ke tattara ɗaliban sakandare da na jami'a domin nazarin Littafi Mai Tsarki. Reshe ce ta GBUAF, wadda aka kafa a 1968 don ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ita kuma tana ƙarƙashin IFES ta duniya da aka kafa a 1947. Tsarin wannan gida shi ne ɗalibai su jagoranci kansu: 'yan mutane kaɗan su zauna su karanta nassi, su tattauna, kowa ya gayyato abokinsa. 'Yan Katolika suna da nasu ƙungiyoyin ɗalibai, irin su JEC, a ƙarƙashin kulawar coci. Ita kuwa SIM ta buɗe wata cibiya kusa da jami'ar da ake kira FEU, inda ɗalibi kan samu ɗakin karatu da kwamfuta da darussan Ingilishi, tare da zaman nazarin Littafi Mai Tsarki ga mai so.

Akwai abin mamaki a nan ga wanda ya san tarihi. SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Amma kamar yadda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, mishan ɗin ta daɗe tana jan ƙafa wajen bai wa mabiyanta ilimin boko mai zurfi da Faransanci, har hakan ya zama abin ƙorafi tsakaninta da Kiristocin ƙasa. Ƙungiyar da a da take ɗari-ɗari da boko, ita ce daga baya ta je ta kafa cibiya a bakin jami'a.

Yadda addini ya samu wurin zama a harabar

Jami'ar ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama Jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan masanin kimiyya Abdou Moumouni Dioffo a 1992. A shekarunta na farko, harabar ta ƙungiyar ɗalibai ta USN ce, mai ra'ayin gurguzu da gwagwarmaya, kuma ba a ɗaukar yawan ibada a matsayin abin tunƙaho a tsakanin 'yan boko na lokacin. Ɗaliban USN ne suka yi tattaki a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, jami'an tsaro suka buɗe wuta, uku suka mutu. Jinin nan na cikin abin da ya kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991.

Buɗe ƙofar siyasa da aka yi a lokacin shi ne kuma ya buɗe ƙofar ƙungiyoyin addini. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN ta yi ƙarfi, masallaci da wa'azi da darussan addini suka zama wani ɓangare na rayuwar yau da kullum a jami'a. Cocin Fentikostal ma suka yawaita a gari, wasu daga Najeriya da sauran ƙasashen gaɓar teku. Masani ɗan Nijar Abdoulaye Sounaye ya jagoranci wani bincike mai suna Remoboko daga cibiyar ZMO ta Berlin, wanda ya duba yadda Salafanci da Fentikostal ke sauya tunanin ɗalibai kan boko da kyakkyawar rayuwa, kuma jami'ar Yamai na cikin wuraren da aka yi nazari. Abin lura shi ne iska ɗaya ce ta kaɗa ɓangarorin biyu. 'Yancin da ya bai wa ɗalibi Musulmi damar shirya da'awa a harabar, shi ne ya bai wa ɗan uwansa Kirista damar zama da Littafinsa a ƙarƙashin bishiya.

Akwai kuma talauci, wanda ba ya tambayar addinin kowa. Jinkirin biyan kuɗin tallafin karatu, cunkoso a ɗakunan kwana, ƙarancin motocin ɗaukar ɗalibai da shekarar karatu da ke shiga cikin wata, su ne ke fitar da ɗalibai kan titi, kamar a Afrilun 2017 lokacin da ɗalibi ɗaya ya rasa ransa aka kuma rufe harabar. A irin wannan hali, duk wanda ya samar da wuri mai wuta da fanka da littattafai zai ga ɗalibai a ƙofarsa, ko masallaci ne ko cibiyar mishan.

A nan ne zargi ke shigowa. Wasu iyaye da malaman addini na ganin darasin Ingilishi da kwamfuta tarko ne kawai na janye 'ya'yan Musulmi. Su kuma masu aikin suna cewa ba su ɓoye ko su wane ne ba, sunan cibiyar ma ya faɗi haka, kuma ba a tilasta wa kowa. Gaskiyar magana, ɗalibin jami'a baligi ne da ya san inda yake sa ƙafarsa. Amma damuwar iyaye ba abin rainawa ba ce, domin a Nijar, ko da yake dokar hukunta laifuka ba ta kama mutum don ya sauya addini ba, dangi kan yanke hulɗa, a daina biyan kuɗin makaranta, aure ya lalace. Wanda ke ɗaukar wannan nauyi shi ne matashin, ba ɗan mishan da ke da fasfo na komawa gida ba.

Tabon 2015

Duk Kiristan da ke jami'a a yau ya taso ne da labarin ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015. Zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta faro a Damagaram bayan sallar Juma'a, kashegari ta iso Yamai. Mutum goma suka mutu a biranen biyu, kuma 'yan sanda sun ce coci 45 aka ƙona a Yamai kaɗai, ban da otal-otal da mashaya da gidan marayu. A Damagaram an ƙona cibiyar al'adun Faransa. Shugaba Mahamadou Issoufou, wanda halartarsa tattakin Paris kwanaki kaɗan kafin nan ta ƙara rura wutar, ya fito ya ce masu wannan aika-aika ba su fahimci Musulunci ba. An kuma samu Musulmi da dama da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu.

Darasin da ya fito fili shi ne a idon mai fushi, coci da Faransa abu guda ne, ko da kuwa cocin da Hausa ake wa'azi a cikinsa tun zamanin kakanni. Wannan haɗin-gambiza ya fi zama haɗari a yau da ƙyamar Faransa da ƙasashen Yamma ta zama harshen gwamnati da na titi. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka a Satumban 2024. An haramta wa ƙungiyar agaji ta Acted aiki a Nuwamban 2024, an sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya a Fabrairun 2025. Ba a ce waɗannan matakai na addini ba ne, amma duk ƙungiyar da kuɗinta ke fitowa daga waje ta san ana kallonta.

Maƙwabciya Najeriya ta nuna inda abin kan kai idan aka yi sakaci a makarantu. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya faro ne daga wani taron wa'azi na ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS a Kwalejin Ilimi, inda ɗalibai Musulmi suka ce mai wa'azin ya taɓa Alƙur'ani da Annabi (SAW). Cikin kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A Mayun 2022 kuma aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci a wani zauren WhatsApp na 'yan aji. Jami'ar Yamai ba ta yi suna da irin wannan ba. Rigimarta ta kuɗin tallafi ce da ta gwamnati, kuma kasancewar USN na haɗa kowa a inuwa ɗaya ba tare da tambayar addini ba ya taimaka ƙwarai. Amma wayar da ke hannun ɗalibin Sakkwato ita ce a hannun na Harobanda.

Doka ta zama ta wucin gadi

Kundin tsarin mulkin 2010 ya raba addini da gwamnati, ya kuma tabbatar da 'yancin addini ga kowa. An dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A Maris 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na wa'adin shekara biyar, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. Akwai dokar tsara harkokin ibada da majalisa ta amince da ita a Yunin 2019, wadda ta bai wa hukuma ikon sa ido kan gina wuraren ibada da kuɗin da ake gina su da shi. Malaman Musulunci ne suka fi adawa da ita, amma da aka kama wani limami a Maraɗi kan sukar dokar, cocin Assemblies of God masu zanga-zanga suka ƙona. Rigima tsakanin malamai da gwamnati, sai ta faɗa kan wanda ba ya ciki.

Ga ƙaramar ƙungiyar ɗalibai, ma'anar wannan duka ita ce izinin taro ko aron ɗakin lacca ya fi rataya a kan fahimtar shugaban tsangaya da shugabannin ɗalibai fiye da wani sashe na doka da za a iya kai ƙara a kansa. Zaman lafiyar da ke akwai na mutunci ne da sanayya. Yana da kyau, sai dai yakan sauya idan mutane suka sauya.

Shi ya sa masu ganin raguwar Turawan mishan a matsayin ƙarshen wannan aiki suke kuskure, haka ma masu ganin ba abin da zai canza. Abin da zai iya raguwa shi ne ɓangaren da ke cin kuɗi da ma'aikatan waje: malaman Ingilishi, kayan aiki, littattafai daga ƙetare. Wanda zai saura shi ne na ɗalibai 'yan ƙasa, kuma dama can tsarin GBEEN ke nan. Cocin Nijar ya riga ya bi wannan hanya. Cocin EERN da ya fito daga aikin SIM yana hannun 'yan ƙasa tun farkon shekarun samun 'yancin kai, kuma tun 2015 Babban Bishop na Katolika a Yamai, Laurent Lompo, ɗan Nijar ne, na farko a wannan kujera.

Nauyin da ke kan waɗannan matasa ba ƙarami ba ne. Wasunsu, musamman 'yan yankin Torodi da Makalondi, iyayensu sun bar ƙauyuka saboda hare-haren masu iƙirarin jihadi, kamar yadda dubban Musulmin jihar Tillaberi suka bar nasu. Ƙungiyar da aka kafa don nazari da gayyata tana iya tsintar kanta tana neman wa ɗalibi wurin kwana da abin buɗa-baki. Sannan dole su yi taka-tsantsan da harshe, su yi bayanin abin da suka gaskata ba tare da taɓa abin da maƙwabcinsu ke girmamawa ba, domin a Kafanchan daga nan aka fara.

Akwai kuma batun harshen kansa. Sabon kundin ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci kuwa sunayensu na Faransanci ne, kuma da shi aka saba taro saboda baƙi da ke cikinsu, alhali takwarorinsu Musulmi sun daɗe da jin wa'azi da Hausa da Zabarmanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa yana nan tun 1932, shekara 39 kafin a buɗe jami'ar.