Matafiyiya, Kada Kunya Ta Hana Ki Shan Ruwa

Maganata ta wannan mako da ku ne waɗanda ba ku rabuwa da hanya, watau masu saro kaya a Kantin Kwari su kai Maiduguri ko Sakkwato, da malamai da ma'aikatan asibiti da a ke turawa ƙauyuka, da 'yan makaranta masu zuwa hutu.

Ga abin da ya jawo maganar. Ina da wata gwaggo mai fataucin atamfa. In za ta yi tafiya, tun daren ranar ta ke daina shan ruwa, wai kada fitsari ya matsa ta a mota ta ce wa direba ya tsaya a gaban maza. Daga Kano zuwa Maiduguri kuwa ya fi kilomita 500. Kwanan baya ta komo da ciwon kai da fitsari mai zafi, kwana uku ba ta yi bayan gida ba, sai da aka kai ta asibiti. Kada ki yi mata dariya. Ni ma haka na riƙa yi sa'ad da na ke zuwa kwalejin horon malamai, na kuwa san ke ma kin taɓa yi.

To, ki sani kusan rabin nauyin jikinki ruwa ne, cikin mota kuwa zufa ba ta daina fita. In ba ki mayar da abin da ya fita ba, sai kai ya yi ciwo, ciki ya ɗaure. In kuma kika riƙe fitsari yini guda, kin ba ƙwayoyin cuta wurin yaɗuwa a mafitsara. Mu mata ciwon nan ya fi saurin kama mu, domin hanyar fitsarinmu gajeriya ce. Ki riƙa duban fitsarinki. In ya yi ja kamar shayi, ruwa jiki ya ke nema.

Dabarar ba wuya. Ki kewaya kafin ki shiga mota. Ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, kada ki kwankwaɗe shi gaba ɗaya. Ki tafi da butarki da babban zane. Tun a tasha ku matan motar ku haɗa baki, babbar cikinku ta gaya wa direba lokacin tsayawa. Abin da zai yi wa mace ɗaya nauyi, ba zai yi wa huɗu ba.

Amma fa ba kowane ruwa ba. Ruwan da ba ki san asalinsa ba shi ke kawo taifot da amai da gudawa. Ki tafasa naki a gida, ya yi minti guda yana tafarfasa, ya huce ki ɗura a gora mai tsabta. In na leda za ki saya, duba lambar NAFDAC, ki wanke bakin ledar kafin ki kai baki.

Sai batun abinci. Iyayenmu fatake ba su tashi ba guzuri, kuma sun san abin da ba ya lalacewa: ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da dambun nama, da kilishi, da dabino, da soyayyar gyaɗa. Ki ƙara da lemo da ayaba, waɗanda ke da kanki za ki ɓare. Yankakkiyar kankana da ƙuda ya gama bi, da kwaɗon da ya yini a rana, ki bar wa mai su. In za ki ci dafaffen abinci a tasha, ki zaɓi wanda a ke kwasowa daga kan wuta yana tururi, domin wanda ya wuce sa'a biyu a ajiye ba abin amincewa ba ne. Ki wanke hannu da sabulu tukuna. Lemon kwalba da biskit kuwa ba abinci ba ne, yaudarar ciki ce. In gudawa ta kama ki a hanya, ki zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, ba tozo, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, watau ledar ruwa biyu, ki yi ta sha har ki isa asibiti.

Saura zaman wuri ɗaya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wanda ya zauna sa'a huɗu ko fiye a mota ko jirgi, hatsarin daskarewar jini a jijiyar ƙafarsa yana ninkawa biyu. Mai ciki da mai jego da mai ƙiba da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa su suka fi kusa da wannan. Saboda haka ko kina zaune ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa, kina juya idon sawu. In an tsaya salla, lalle ki sauka ki taka. In kuwa ƙafa guda ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi miki wuya bayan tafiya, kada ki tsaya shafa man zafi, ki nufi asibiti nan da nan.

Kwanakin da ki ke gida ma kada ki kwanta wai hutun gajiya. Hukumar nan ta ce babba yana bukatar motsa jiki na minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Tafiyar sauri a tsakar gida bayan asuba ta isa. Mai niyyar aikin Hajji ta fi kowa bukatar wannan, domin Safa da Marwa kaɗai wajen kilomita 3 ne.

'Yar'uwa, kunya ado ce ga mace, amma ba wadda za ta kwantar da ke ba. Ribar kayan gwaggona duk a magani ta ƙare. Yanzu ba ta shiga mota sai da gorarta a hannu.

Allah ya kai kowace matafiyiya gida lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.